Ɗingishi a Kan Yashi

"Ni za ka kalla ka ce ba ka taɓa kyamarar ba? Ga sawunka can kwance kamar an buga hatimi."

"Sawun takalmi ne, Darakta. Takalmin kuwa ba ni kaɗai nake sa irinsa ba."

"To wa kake nufi? Buɗe baki ka ce Kawu ne, in ga ta ƙofar da za ka fita."

Kwafi bai buɗe ba. Ya tsaya da hula a hannu yana murza ta kamar mai wanki. Darakta kuwa ya cika ya yi fam, jijiyar wuyansa ta miƙe, duk wanda ke cikin tsohon siton ya ajiye abin da yake yi ya zuba ido.

A haka Dogo ya same su. Maigadin wurin, mijin yayarsa, shi ya je har gida ya ɗauko shi a babur, yana ba shi labari iska na kwashe rabi. Dogo mai bin sawu ne. Da can dabbobin sata yake bi, har aka shafe unguwanni da kwalta da siminti, ƙasa ta daina magana. Yanzu aikin jefi-jefi ne, an fasa shago, an haura katanga. Sauran lokaci yana gida, tsinken ashana a baki, ƙafa na rawa.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. A siton nan ake ɗaukar shirin da talabijin ke nunawa duk mako tun Dogo na makaranta. An gina tsakar gida a ciki, bangon katako da fenti, da rumfa, aka malala yashi. Da safe aka ɗauki fitowar ƙarshe ta Kawu, tsohon nan mai ɗingishi da shirin ya tsayu a kansa. Gobara ta kama rumfa, Kawu ya shiga ya ciro jikarsa, ya fito, ya faɗi, bai tashi ba. Da gaske aka ƙona rumfar, kuma ba wata. Aka fita cin abinci, aka bar kyamara a tsaye an lulluɓe ta da zane. Da aka dawo, katin cikinta, wanda hoton duka ke kai, ya yi ƙafa. Ba a kuma juye shi ko'ina ba.

Kwafi shi ke tsaya wa Kawu a wurin faɗuwa da gudu da duk abin da ƙashin tsoho ba zai ɗauka ba. Tsayinsu ɗaya, ta baya ba ka raba su, shi ya sa sunan ya bi shi. Ran da Kawu ya mutu a shirin, ran nan aikin Kwafi ya mutu. Kowa ya san wannan, kuma kowa a wurin ya riga ya yanke hukunci.

Darakta ya dubi Dogo sama da ƙasa, ya ce ba shi da lokacin wasa. In aka tashi aiki kati bai fito ba, 'yan sanda zai kira su tafi da yaron, kuma zai tabbata ba wanda ya sake ɗaukarsa ko riƙon fitila a sana'ar nan.

*

Dogo ya tsuguna a bakin yashi. An ja layi da jan salatif a kan siminti, daga nan tsakar gidan shirin ta fara.

Aka gaya masa ƙa'idarsu: bayan kowace ɗauka sai an share yashin ya kwanta lumui, don kada sawun ma'aikata ya fito a hoto. Kafin a fita cin abinci an share. Don haka layi ɗaya ne kawai a kai, shiga da fita, daga ɓangaren ƙofar baya.

Dama ta sauka cikakkiya. Hagu ta ja ƙasa, ta bar zane kamar na wutsiyar ƙadangare. Dogo ya san tafiyar nan. Ya gan ta a gilashin talabijin fiye da yadda ya ga ta mahaifinsa.

Ya bi ta gefe, a hankali. A tsakiyar fili sawun ya tsaya. Ƙafa biyu sun haɗu, sun ɗan karkata suna fuskantar kyamara, sun nutse fiye da sauran. Sannan tafiyar ta ci gaba. A gaban yatsun akwai kan wani ɗan katako da aka binne.

Ya tambaya mene ne. Darakta ya ce alamar Kawu ce, nan yake tsayawa don kyamara ta same shi daidai, kuma Kwafi ma nan yake tsayawa, sai me?

Dogo ya sa aka kawo benci aka kewaye sawun. Abin ya tsaya masa a rai. Mutum ya shigo sata, mutane na iya dawowa kowane lokaci, me zai tsayar da shi a tsakiyar fili?

*

Edita aka fara kai masa, mai tace hoton, wani siriri mai jajayen idanu. An ce jiya an ji shi yana gaya wa Darakta cewa kashe Kawu wauta ce, shirin zai bi shi kabari. Bai musa ba. Ya ce ya faɗa, kuma gobe ma zai faɗa, amma faɗa daban sata daban. Yana magana yana dafe aljihun rigarsa.

Darakta ya lura. Ya kai hannu ya zaro wani kati daga aljihun, ya ɗaga sama kamar ya kama kifi. Wuri ya ɗauki guna-guni. Aka sa a kwamfuta, aka yi cincirindo.

Wata 'yar jaririya ce ta bayyana, tana dafa kujera, ta saki, ta yi taku biyu ta zauna daɓas. Muryar Edita na ta kiranta daga bayan hoton.

"Ga ɓarauniyar taku," in ji Edita. "A kira mata 'yan sanda."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Darakta ya mayar masa da katin, ya duba agogo.

*

Inna mai kaya tana cikin wani ɗaki cike da riguna a rataye da warin guga. Ta ba Dogo kujera, ya ƙi zama.

Ta ce takalman biyu ne, iri ɗaya, lamba ɗaya. Na Kawu gefen hagu ya cinye da kansa, na Kwafi ita ta kankare shi da wuƙa har suka yi daidai. Yau tun safe kowa nasa na ƙafarsa, ba wanda ya kawo mata.

Game da Kwafi ta taɓe baki. Ta ce yaron ba shi da mugun hali, sai iyayi. Ɗingishin nan ya mayar da shi abin wasa, har ban ɗaki da shi yake zuwa don 'yan mata su yi dariya. Kawu kuwa ba haka ba. Da an gama aiki ya fito, tafiyarsa a miƙe take kamar ta soja. A titi sai ya wuce mutane ba su gane shi ba, sai ya yi magana.

Dogo ya tambaye ta ko Kawu ya ji zafin mutuwar da aka rubuta masa. Ta ce ai shi ya nema, ya gaji, ya faɗa wa 'yan jarida da bakinsa. Ta ci gaba da ninke riga. Ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa.

"Inna," in ji Dogo.

Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Haka aka ce mu ce, ɗan nan. Magana ce take ɓace masa. Sai a rubuta a allo a ɗaga masa ta bayan kyamara, wani lokacin allon ma ya kalla ya rasa inda yake. Darakta ya yanke a kashe shi a shirin. Aka bar shi ya ce shi ya so, don mutunci." Ta ajiye rigar. "Amma kar ka kai zuciyarka can. Mutumin nan shi ya aurar da rabinmu."

*

An rufe Kwafi a ɗakin ajiye fitilu, yana zaune a kan akwati. Ya ce lokacin cin abinci yana lungun baya yana waya da matarsa, wadda watanta ya tsaya, ƙafafunta sun kumbura. Ya ce ya san abin da ake faɗa, kuma gaskiya ne, bai san inda zai dosa ba in shirin ya rabu da Kawu. Amma da ya ɗauki katin, ina zai kai shi? Ya ci?

Dogo ya ce ya tashi ya je bakin ƙofa ya dawo. Ya tashi, ya je, ya dawo. Tafiya sumul.

"Ina ɗingishin?"

"Sai na tuna nake yinsa, yaya. Yau ba ni da zuciyar tunawa."

Dogo ya juya tsinken a bakinsa. Ya tambaye shi wa ya koya masa. Kwafi ya ce Kawu, wa kuma? Shi ya tsince shi yana ɗaukar kaya a wurin nan, ya ce juya in ga bayanka, shi ke nan. Ya yi wata da watanni yana bin sa a baya kamar jela kafin ya iya.

"Da kake lungun, ka ga wani ya bi ta ƙofar baya?"

Kwafi ya dubi hularsa. "Ina waya."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ina waya, yaya."

*

Lungun baya duk siminti ne, sai wuri ɗaya dab da ƙofa inda famfo ke ɗiga ya tara laka. Duk mai shiga sai ya taka. Dogo ya durƙusa.

Takalmin nan ne. Amma a nan dama da hagu nauyinsu ɗaya, dunduniya biyu sun nutse daidai, taku mai faɗi na mai sauri. Ya bi tabon lakar zuwa ciki, yana dusashewa a kan siminti, a miƙe, a miƙe, har bakin jan salatif. Taku na farko a kan yashi, hagu ta ja. Ya duba na fita. Ɗingishi har bakin layin, daga nan ɓurɓushin yashi ya ci gaba a miƙe.

Ya daɗe a tsugune. Ya tofar da tsinken, ya sa wani. Ya ji yana so ya hau babur ɗin mijin yayarsa ya koma gida, ya ce ƙasa ba ta faɗa masa komai ba. A gida tsohuwarsa na kwance, ba ta iya tashi, kuma duk mako sai an juya mata gado ya fuskanci talabijin. Gaisawa take da Kawu. In ya yi tari a shirin sai ta ce masa sannu.

*

Ɗakin hutun Kawu na ƙarshen lungun. Ƙaramin ɗaki, katifa, madubi, fanka mai ƙara. Tsohon na zaune da toka-tokan gobara a gemu, bai wanke ba. Ya tarbi Dogo da muryar nan ta talabijin, har Dogo ya ji gwiwarsa ta so ta kai ƙasa.

Ya ce barci ya yi lokacin cin abinci, tsufa ba ta neman izini. Daga nan ya shiga labari ba a tambaye shi ba. Wasan kwaikwayo a makaranta, da zanen gado a matsayin labule. Shekarun rediyo, inda ya yi muryar jaki da ta alƙali a rana ɗaya. Ƙananan finafinai, kullum shi ne ɓarawo ko maigadi, a kashe shi kafin a kai rabi. Sai ranar gwajin shirin nan, ya ari takalmin wani, ƙusa ta fito ta ciki tana sukarsa. Ya shiga yana ɗingishi. Daraktan wancan lokacin, Allah ya ji ƙansa, ya ce kar ka kuskura ka gyara. An cire ƙusar tun tuni, in ji shi yana dariya, amma ita ta gina masa gida.

Ya ce ran da matarsa ta rasu yana nan yana ɗauka. Da ya isa asibiti ma'aikatan suka taru suna Kawu, Kawu, har da mai neman hoto. Ya tambayi Dogo ko ya san sunansa na yanka. Dogo ya girgiza kai.

"Kar ka damu. 'Ya'yana ma sai sun yi tunani."

Dogo ya ce ana shirin kai Kwafi wurin 'yan sanda. Tsohon ya dubi madubi, ya share toka kaɗan daga gira. Ya ce yaro ne, kuskure ne, zai yi wa Darakta magana a yi masa afuwa.

Afuwa. Da tsohon ya ce ba yaron ba ne, ko da bai ƙara komai ba, da Dogo ya san yadda zai lallaɓa maganar. Amma ya ce afuwa.

Kawu ya rako shi har ƙofa, a miƙe kamar sanda.

*

Rana ta karkata, hasken da ke shigowa ta ramukan kwanon rufi ya koma ja. Darakta na riƙe da waya. Dogo ya ce a tara kowa, a kuma share masa yashi gefen sawun da aka kewaye. Aka share. Ya cire hularsa ya rataya a jikin kyamara.

Ya ce abu ɗaya yake so. Duk wanda ya kira, ya taso daga ƙofar baya, ya ɗauko hular nan ya kawo masa. Ba wasa, ba kwaikwayo. Kowa ya yi tafiyarsa ta gida.

Darakta ya ce wannan shirme ne, ɓarawo ai sai ya gyara tafiya. Dogo ya ce ya sani.

Edita ya je ya dawo yana jan silifa. Aka share. Inna mai kaya ta je tana mita, ta ce da girmanta. Aka share. Aka fito da Kwafi. Ya tako a miƙe, ya wuce ɗan katakon nan bai ko kalle shi ba, ya kawo hular.

"Ka gani?" in ji Darakta. "Ya gyara."

Dogo ya mayar da hular. Bai kira kowa ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, har mutane suka fara motsi.

"To ni ba za a gwada ni ba?" Kawu ne, daga kujerarsa, yana murmushi. "Ko na tsufa da zama ɓarawo? Da shi na fara sana'a."

Aka yi dariya, dariyar sauƙi. Darakta ya ce haba Kawu, zauna abinka. Kwafi ya ce, "Baba, zauna," kuma shi ba dariya yake ba.

"Tafiyarka ta gida, Kawu," in ji Dogo. "Ba ta shiri ba."

"Na ji ka, ɗana."

Ya je ƙofar baya, ya juyo. Ya taho a kan siminti, kai a sama, kafaɗa a buɗe, taku mai faɗi, yana kallon mutane yana ɗaga gira don su ga yadda soja ke tafiya. Ya tsallake jan salatif.

Kafaɗar hagu ta sauka. Ƙafar ta ja.

Bai sani ba. Murmushin na nan a fuskarsa. Ya ci gaba, dama, ja, dama, ja. Da ya kai ɗan katakon ya tsaya, ƙafa biyu suka haɗu, ya ɗan karkata ya ba kyamara gefen fuskarsa, kamar mai jiran a ce a fara. Sannan ya ƙarasa, ya ɗauki hular, ya juyo.

Ba mai dariya. Inna mai kaya ta sa gefen mayafi a baki.

"Me ya faru?" in ji shi.

Sai ya bi idanunsu zuwa ƙasa. Layi biyu ne kwance gefe da gefe, na cikin benci da sabo. Ja ɗaya, tsayuwa ɗaya, karkata ɗaya.

Dogo ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce wanda ya shigo da rana a miƙe ya zo har bakin layin nan, laka ta nuna. Wanda ke ara ɗingishi, in ya zo sata, a gida zai bar shi, don ba mai sa hannu a kan laifinsa. Kwafi sai ya tuna yake yi. Wanda ya bar sawun can bai san yana yi ba.

Kawu ya daɗe yana kallon yashin. Hular Dogo ta zame daga hannunsa.

"Na ɗauka tafiyata nake yi," ya ce a hankali.

Ya zauna a ƙasa, nan kan yashin, kusa da gawayin rumfa. Ya kwance takalmin hagu, ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya zaro katin. Darakta ya matso da hannu a miƙe. Tsohon bai ba shi ba. Ya miƙa wa Kwafi.

"Ka gan ni, ko?"

"Na gan ka, Baba."

"Ka yi shiru."

"Na yi."

"Ni ma na yi," in ji Kawu. "Nawa shirun ya fi naka muni."

Kwafi ya karɓi katin, ya ba Edita, ya koma gefe ya juya wa mutane baya. Darakta ya sa wayar a aljihu. Ya fara cewa ba komai, magana ta mutu a nan, ba wanda zai ji a waje, sai ya bari.

Dogo ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya gama aikinsa, yaron zai kwana a gida, kuma bai ji daɗin komai ba. Yana tunanin makon da za a juya wa tsohuwarsa gado ta kalli gobarar nan. Ya nufi ƙofa, ƙafarsa na ƙaiƙayin hanya.

Muryar Kawu ce ta tsayar da shi. Kawu ya miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya zo bakin jan salatif ya tsaya. Yana kallon simintin da ke gabansa kamar ruwa ne mai zurfi. Ya dubi Darakta, ya dubi Inna, ya dubi bayan Kwafi.

"To in kun binne Kawu," ya ce, "ni wa zan tashi in zama gobe da safe?"